Kujerar Auta

Shekara ashirin da shida shagonsa na jikin nawa. Shi kafinta, ni mai facin taya, bangon katako ne kawai tsakaninmu, shi ma shi ya kafa shi. Ranar da ransa yake a ɓace nakan gane daga ƙarar zartonsa tun kafin in ga fuskarsa. Kowa a layin Kafinta yake ce masa, ni kuwa Mutumina. Wata bakwai ke nan da muka binne shi, amma har yau in na buɗe shago da safe sai in tsinci kaina ina jiran tarinsa ta bayan bango.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne, farcen babban yatsansa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda dukan guduma. Magana ba ta dame shi ba. In ya yi maka laifi, kada ka zauna jiran ya ce ka yi haƙuri, ba za ka ji ba. Washegari dai za ka tarar an gyara maka wani abu. Wata rana ya kira ni rago a gaban mutane, da gari ya waye na sami bencin shagona da sabuwar ƙafa. Na leƙa na ce, "Mutumina, wannan ban haƙuri ne?"

Bai ɗago kai ba ya ce, "Wannan benci ne. Zauna ka daina surutu."

Haka yake. Hannunsa ya iya faɗin komai, bakinsa ne aka ɗaure tun yana yaro.

Mahaifinsa, wanda suke kira Tsoho, mai gadin wata makaranta ne, kuma dattijo a coci. Bai taɓa dukan ɗa ba, bai taɓa ɗaga murya ba, mutane har misali suke yi da shi. A gidansa akwai tebur ɗaya da kujeru shida, kowa da tasa, ba mai hawa ta wani. In yaro ya yi laifin da ya kai laifi, Tsoho yakan bari a gama addu'ar cin abinci tukuna, a ce amin, sannan ya tashi a hankali ya ɗauki kujerar mai laifin ya kai ta bayan gida. Daga wannan lokaci ba mai yi masa magana, ko uwar da ta haife shi. Zai ci abincinsa a tsaye a bakin ƙofar kicin har ranar da Tsoho ya ga dama ya mayar da kujerar. Wani lokaci kwana uku, wani lokaci wata guda. An ce shi ma haka ubansa ya riƙe su, ba a san inda abin ya faro ba.

Kafinta yana da shekara goma sha ɗaya lokacin da abin ya faɗa kan wansu, babban ɗan gidan, wanda suke kira Yaya. Uwarsu ta kwanta ciwo, Tsoho ya ce addu'a ta isa. Yaya ya ɗauke ta ya kai asibiti ba da izini ba. Ta warke ta dawo gida, ta tarar da kujerar ɗanta a bayan gida. Yaya ya yi wata biyu yana cin abinci a tsaye, sannan ya tattara kayansa ya kama ɗaki a wata unguwa. Muddin kujerar na nan a bayan gida, kowa ya san ƙofa ba ta rufe ba. Amma wata Asabar Tsoho ya kira mai amalanke, ya ɗaure kujerar da igiya, ya ce a kai wa mai ita. Ma'anar wannan a gidan ita ce an gama. Yaya bai sake taka gidan ba. Bayan shekara huɗu mota ta kashe shi a hanyar zuwa aiki. Ranar da labarin ya zo Tsoho ya yi addu'ar cin abinci kamar kullum, bai ƙara kalma ɗaya ba.

Abin da ya tsaya wa Kafinta a rai daga wannan Asabar, har ya tsufa, shi ne ƙafar kujerar. Ruwan sama ya ci ta, ƙafa ɗaya ta karye tana reto, a haka aka aika da ita. Matarsa ta gaya mini daga baya cewa ya taɓa ce mata, "Ko gyara ta bai yi ba. Kamar ya aika masa da shara." Ina jin daga nan ya fara son aikin katako.

Da wannan zuciyar ya shiga coci, da ita ya girma a cikinta. Ya yi baftisma yana saurayi, ya riƙe bangaskiyarsa da gaske, ba ya fashin sujada. Amma Allahn da yake bauta wa kamar Tsoho yake: ba ya tsawa, ba ya duka, yana dai kallo, yana jiran a ce amin. Kowace Lahadi Kafinta yakan riga kowa zuwa, ya tsaya a ƙofa ya dubi wurin zamansa, benci na huɗu ta gefen taga, sannan ya sauke numfashi ya shiga. Duk bencin da ya fara motsi a cocin shi yake gyarawa, ba a taɓa roƙonsa ba. In ya yi wani kuskure a cikin mako, ko tsaki ne ya yi wa mai sayen kaya, ranar Jibin Ubangiji, da masu bi suke tashi su je tebur su karɓi gurasa, shi ba zai tashi ba. Gara ya cire kansa kafin a cire shi.

Na sha ce masa, "Mutumina, in don tsaki ne, ai da ni ban taɓa ɗanɗana gurasar nan ba."

Yakan ce, "Kai naka Allahn mai wasa ne."

Da ya yi aure ya ƙera tebur da kujeru da hannunsa. Allah ya ba su 'ya'ya biyu da suka rayu, namiji da suke kira Babban, da mace, Auta. Ya rantse ba zai yi irin riƙon Tsoho ba, don haka bai ɓoye wa yaran labarin Yaya ba. Ya ba su shi sau da yawa, har suka haddace: bayan gida, mai amalanke, igiya. Kullum yakan rufe da cewa, "A gidana ba za a yi wannan ba." Kuma shekara ashirin da wani abu ba a yi ba.

Auta ce ta ɗauko bakin da ubanta ya rasa. Tun tana ƙarama takan zo shago ta zauna cikin ɓawon katako tana yi masa tambayoyi har ya ce kansa na ciwo, amma in ta yi kwana biyu ba ta zo ba sai zarton ya sauya murya. Ni Kawu take ce mini. Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, tana aiki a asibitin da ke can ƙarshen gari.

Tsoho ya rasu yana da shekara casa'in. Bayan an binne shi da mako biyu Kafinta ya yi wa hotonsa firam mai kyau ya rataya a saman tebur, ya gayyaci Fasto da ni cin abincin rana. Bayan addu'a sai ya dubi hoton ya ce Tsoho mutum ne mai tsoron Allah, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Ina jin abin da ɗa ya kamata ya faɗa ne kawai yake faɗa. Auta ta ajiye cokali.

"Baba, mutumin nan da shiru ya kashe ɗansa. Kai ka gaya mana da bakinka. Yau kuma ka yi masa firam?"

Uwarta ta ce, "Ke, akwai baƙi."

"Mama, bari in faɗa. Baba, shekara nawa kana zuwa coci kana rawar jiki? Ba Allah kake tsoro ba, wannan na jikin bangon kake tsoro."

Kafinta ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa. Ya tashi ya zagaya bayanta ya tsaya. Ita ma ta gane, ta miƙe a hankali tana kallonsa. Ya ɗauki kujerar ya fita da ita ta ƙofar baya.

Matarsa ta bi shi har ƙofa tana cewa, "Maigida, mayar da kujerar nan. Don Allah mayar da ita tun abinci bai huce ba." Ya dawo hannu wofi ya zauna. Daga baya ya gaya mini cewa bai san lokacin da ya tashi ba, ji ya yi kamar hannun wani ne a jikinsa. Auta ba ta ci abinci a tsaye ko sau ɗaya ba. A ranar ta haɗa jakarta ta koma gidajen ma'aikatan asibiti.

Shekara biyu kujerar na bayan gida, gefen tankin ruwa. Shekara biyu kuma Kafinta bai tashi zuwa Jibin Ubangiji ba. Yakan zauna a bencinsa na huɗu, mutane suna wucewa ta gabansa yana janye gwiwa. A lokacin ne tarin ya kama shi sosai, ƙafafunsa suka fara kumbura, likita ya ce zuciya ce. Ni na gaji da yi masa magana, matarsa ta gaji da kuka.

Fasto ne ya same shi wata Talata a coci yana ɗaure wani benci. Ba mai dogon wa'azi ba ne, ya zauna a ɗaya gefen bencin ya ce, "Dattijo, wa ya hana ka zuwa tebur?"

"Ni na san abin da na yi."

"Na sani, ina wurin. Amma teburin nan ba na babanka ba ne, ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Mai shi bai taɓa aiko ni in fitar da kujerar kowa ba. Shekara biyu wurinka na nan, kai ne kake tsaye a ƙofar kicin."

Kafinta ya ci gaba da juya sukurun da ya riga ya ɗauru. Amma washegari na ji wani sauti ta bayan bango da na daɗe ban ji ba, na leƙa, na ga kujerar Auta a kan teburin aikinsa.

Mako uku ya yi a kanta, ya ajiye aikin kowa. Matarsa ba ta nan, ta tafi wani gari wurin Babban don matar Babban ta haihu, kuma ba mai waya a cikinsu. Ya warware kujerar gaɓa gaɓa, ya kankare baƙin da ruwa ya yi mata, ya sauya ƙafafun baya biyu, ya goge ta har hannu na santsi a kai, ya shafa mata mai sau uku. Yana yi yana hutawa saboda numfashi. A kan mazaunin ya sassaƙa kalmomi huɗu da bakin wuƙa, ƙanana, a tsare: Dawo da ita gida. Da ya gama sai ya naɗe ta da buhu biyu don kada hanya ta ƙuje ta, ya ɗaure da igiya tam.

Na ce, "Mutumina, ka tafi da bakinka mana. Kalma biyu ce."

"In na tsaya a gabanta ba abin da zai fito. Na san kaina. Kai dai kai mata. Tana gani za ta gane."

"In ce mata me?"

"Kada ka ce komai. Za ka ɓata."

A lokacin na san labarin bayan gida, amma ban san na mai amalanke da igiya ba. Da na sani da ban ɗauka ba. Shi kuwa da ya sani, abin da ke cikin kansa daban ne. A wurinsa Tsoho karyayyiya ya aika, shi gyararriya yake aikawa, kuma tsakanin biyun akwai nisan sama da ƙasa. Ya manta cewa 'yarsa ba kafinta ba ce. Ya manta kuma cewa da hannunsa ya rufe aikin da buhu.

Na ɗora kujerar a bayan babur na kai. Na same ta da hantsi tana shanya kayan aikinta a igiya. Ta yi murna da ganina, ta ce, "Kawu, yau ɓatan hanya ka yi?" Sai idonta ya kai kan abin da ke bayan babur. Siffar kujera ba ta ɓoyuwa ko a cikin buhu. Ta daɗe tana kallon igiyar.

"Shi ya aiko ka?"

"Shi ne."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce in kin gani za ki gane."

Ta gyaɗa kai. "Na gane. Ajiye ta can cikin sito, Kawu. Ka sha ruwa?"

Muryarta ba ta yi rawa ba, ni kuma ban iya karanta fuska ba. Na koma da farin ciki na ce masa ta ce ta gane. Ranar ce kaɗai a shekara ashirin da shida na ji Kafinta yana waƙa a shago, muryar kamar ana jan tebur a kan siminti. Da Lahadi ta zo ya tashi daga bencinsa ya bi layi. Fasto ya miƙa masa gurasa, ya karɓa da hannu biyu. A hanyar gida ya ce mini, "Ashe ba a kallona yadda nake zato." Ya sauke hoton Tsoho ya sa a cikin akwati. Ya matsar da sauran kujerun ya bar gurbi a gefen tebur.

Ya jira mako ɗaya. Ya jira na biyu. Ya daina zuwa shago, yakan zauna a ƙofar gida inda zai hango kan layi. In babur ya tsaya sai ya dafa bango ya miƙe. Na ce bari in koma in duba, ya ce a'a, kada a matsa mata, shi shekara biyu ya ɗauka. A mako na huɗu ya daina zama a ƙofa. Na same shi a ɗaki ya ce, "Ta gani, ba ta so. Ta fi ni gaskiya." Lahadin bai tashi zuwa tebur ba.

A mako na biyar matarsa ta dawo. Ta leƙa bayan gida ba ta ga kujera ba, ta fito da fara'a tana tambaya. Na ba ta labari ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki. Jakar hannunta ta zame ta faɗi.

"Aika mata kuka yi? Da igiya?"

Ta juya wurin mijinta. "Maigida, sau nawa ka ba yaran nan labarin Yaya? Me ake nufi a gidanku in an aika da kujera?"

Na ga lokacin da abin ya isa gare shi. Ya buɗe baki ya ce, "Amma na gyara ta." Ya sake cewa, "Ai na gyara ta." Ya yunƙura zai tashi neman takalmi, sai gefen jikinsa na dama ya ƙi binsa.

Na bar su da maƙwabta na tafi asibitin Auta. Aka ce ai ta nemi canjin wurin aiki kwana uku bayan zuwana, tana wani gari mai nisan yini guda a mota. Na buɗe siton, kujerar na nan yadda na ajiye ta, ba a taɓa ƙullin igiyar ba. Na kawo ta gidan Kafinta, washegari da asuba na hau mota.

Da na gaya mata komai ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kawu, me ya hana shi rubuta takarda?" Na ce ya rubuta, a inda ya iya rubutu.

Muka iso da la'asar ta kwana na uku. Yana kwance a ɗakinsa, idonsa a buɗe, bakin ya karkace, magana ta tafi gaba ɗaya. Auta ta yanke igiyar da almakashin uwarta, buhun ya faɗi, ƙamshin man ya cika ɗakin. Ta karanta kalmomin, ta bi su da yatsa. Sannan ta ja kujerar zuwa bakin gado ta zauna a kai.

"Baba, ga ni. Na dawo da ita. Ƙafar bayan nan sabuwa ce ko? Ta fi ta dā kyau."

Ta yi ta magana har rana ta faɗi, tana gaya masa aikinta, da ɗakin da ta kama, da yadda ta yi ta jin haushinsa. Ta roƙi gafararsa, ta ce ita ma ta yafe. Matarsa ta ce ta ga yatsun hannunsa na hagu suna shafa gefen kujerar. Ni ina tsaye a ƙofa, ban gani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban gani ba. Ina so ya zama ya san ita ce. Ya rasu washegari da hantsi.

Da na so in ce abin ya ƙare a nan. A wurin binnewa Babban ya ce maganar Auta ce ta kashe ubansu. Ta je gaishe shi ya kau da kai. Yanzu ya dawo garin da iyalinsa, wata bakwai bai ce mata ko sannu ba. Bai taɓa ɗaukar kujerar kowa ba, amma tafiyarsa da yadda yake goge hannu da tsumma duk na gidan ne.

Auta ta dawo aiki a nan. Kowace Asabar takan je gidan wan nata. Matarsa ta buɗe mata, shi ya shige ɗaki ya rufe. Sai ta tsaya a bakin ƙofar ta yi ta yi masa magana: lafiyar Mama, abin da Fasto ya faɗa, haƙorin da ɗansa ya fara. Na tambaye ta ko ba ta gajiya.

Ta ce, "Ina gajiya, Kawu. Wani lokacin kafin in shiga sai na tsaya a waje na roƙi Allah ya riƙe mini harshe. Amma ni ban iya aikin hannu ba, baki kawai gare ni. Ba zan aika masa da komai ba."

Asabar ɗin da ta wuce na kai ta a babur na jira a waje. Ta fi awa ɗaya a ciki. Da ta fito na ce, "Ya amsa?"

Ta ce, "Bai amsa ba. Mu tafi, mako mai zuwa ka zo da wuri."